Wa Zai Ɗauki Kofin Duniya? Tambayoyi da Amsoshi kan Hasashe, Od da Tarkunan Cacar Ƙwallo

Duk lokacin da Gasar Cin Kofin Duniya ta ƙarato, kamfanonin caca kan fitar da jerin ƙasashe, kowacce da lambarta a gaba, masu hasashe kuma su cika intanet da sunan wadda suke ganin za ta ɗaga kofi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi kan wannan kasuwa. Misalan kuɗi duk na lissafi ne kawai, ba na wani kamfani ba.

Akwai wanda zai iya faɗin ƙasar da za ta ɗauki kofi tun kafin a take leda?

Babu. Iyakar abin da masani ke iya cewa shi ne ƙasa kaza tana da damar kashi kaza cikin 100, kuma ko wadda aka fi kyautata wa zato da wuya damarta ta wuce kashi 20 zuwa 25. Ka ɗauki ƙasar da ta fi kowa ƙarfi, wadda a kowane wasan sili ɗaya ƙwale take da damar wucewa ta kashi 70. A tsohon tsari mai ƙasashe 32 sai ta tsallake irin wannan wasa huɗu a jere, wato 0.7 sau 0.7 sau 0.7 sau 0.7, abin da ya ba da kashi 24. Ashe gwarzuwar gasar ma, a cikin gwaji huɗu, sau uku za ta koma gida hannu rabbana. Kuma kashi 70 ɗin karamci ne aka yi mata, don daga kwata fainal zuwa sama yawancin wasanni kusan raba daidai ne.

Mene ne od, kuma yaya ake karanta shi?

Od shi ne lambar da ake ninka kuɗin da aka zuba da ita idan an ci. Hanya uku ake rubuta shi, duk magana ɗaya ce. In an rubuta 6.00, wanda ya zuba 1,000 zai karɓi 6,000 har da uwar kuɗinsa. A Birtaniya za a rubuta 5/1, wato ribar biyar kan kowane ɗaya. A Amurka kuma +500, wato ribar 500 kan kowane 100.

Amfanin od na gaske shi ne a mayar da shi kashi cikin 100. Raba 100 da od ɗin: 5.00 ya zama kashi 20, 8.00 ya zama 12.5, 26.00 kuma bai kai kashi 4 ba. Daga nan tambayar ta sauya. Ba "wa zai ci?" ba ce kuma, sai dai "damar ƙasar nan ta fi abin da lambar ke nunawa, ko ba ta kai ba?" Mutum na iya zaɓar ƙasar da ta fi kowa ƙarfi amma ya yi mummunan ciniki, in an sayar masa da ita a 4.00 alhali damarta ta 6.00 ce.

Ina ribar kamfani take ɓuya?

A cikin od ɗin kanta. Ka ga wasan da ɓangarorin biyu suka yi daidai da juna, kowa na da kashi 50, od na adalci shi ne 2.00 da 2.00. Kamfani sai ya sa 1.90 da 1.90. Mayar da su kashi: 52.6 da 52.6, jimilla ta haura 105. Biyar ɗin da ta ɗaru a kan 100, ita ce ladan kamfani, kuma yana samunta ko wa ya ci muddin kuɗin ya rabu daidai.

A kasuwar wanda zai ɗauki kofi ladan ya fi haka kauri, saboda ƙasashe da yawa ne, kuma ba kowa ke zama ya tara lissafinsu ba. Yi da kanka: ɗauki od na kowace ƙasa, raba 100 da shi, ka haɗa duka. Mu ce jimillar ta ba ka 120. To sai ka raba kason kowace ƙasa da 1.2 don ka ga ainihin ra'ayin kasuwa. Ƙasar da aka sa wa 5.00, kashi 20 a takarda, ta koma 16.7, wato od ɗinta na adalci 6.00 ne. An rage maka 1,000 a kan kowane 1,000 da ka zuba tun alƙalin wasa bai hura usur ba.

A tarihi, ƙasashe nawa ne suka taɓa ɗauka?

Daga 1930 zuwa gasar Katar ta 2022 an yi gasa 22, ƙasashe takwas ne kawai suka raba kofin a tsakaninsu: Brazil sau 5, Jamus da Italiya sau huɗu-huɗu, Ajantina 3, Faransa da Uruguay sau biyu-biyu, sai Ingila a 1966 da Sifaniya a 2010. Dukansu daga Turai ko Kudancin Amurka suke. Waɗanda suka kai wasan ƙarshe ba su taɓa ci ba su ma 'yan Turai ne: Holan har sau uku, a 1974 da 1978 da 2010, Hungary da Czechoslovakia sau biyu-biyu, Sweden a 1958, Kuroshiya a 2018.

Sai dai a riƙe tarihi da hankali. Taurarin da ke kan riga, masu nuna yawan kofunan da ƙasa ta ci, ba sa buga ƙwallo. Bayan 2002 Brazil ba ta sake ɗauka ba har zuwa gasar 2022, kuma a gasa biyar da suka biyo baya ƙasar Turai ce ke fitar da ita kowane karo: Faransa a 2006, Holan a 2010, Jamus a 2014, Beljiyam a 2018, Kuroshiya a 2022. Duk da haka magoya bayanta a faɗin duniya kan zuba mata kuɗi, kuma yawan kuɗin kan danne od ɗinta ƙasa. Haka lamarin Ingila yake a kamfanonin Birtaniya, inda kishin ƙasa ke shiga ciniki.

To me zai hana in zuba kan ƙaramar ƙasa mai od 150, tunda ribar tana da yawa?

Saboda a nan ne aka fi yi wa mai zubawa kwange. An daɗe da lura a kasuwannin caca cewa mutane na son ƙaramin kuɗi mai babban alkawari, shi ya sa kamfanoni ke lafta yawancin ladansu a kan masu dogon od. Ƙasar da aka rubuta wa 151.00, damarta ta gaskiya tana iya zama ta 500, kuma ido ba ya ganin bambancin. Ganin kitse ake yi wa rogo.

Ƙananan ƙasashe kan yi nisa, amma ba su kai ga kofin. Koriya ta Kudu da Turkiyya sun kai wasan kusa da na ƙarshe a 2002. Moroko ta yi haka a 2022, ta zama ƙasar Afirka ta farko, bayan Kamaru a 1990 da Senegal a 2002 da Ghana a 2010 sun tsaya a kwata fainal. Wanda ya hango Moroko da kyau amma ya sa ta a kasuwar ɗaukar kofi, hasashensa ya yi daidai, tikitinsa ya mutu. Kasuwar da ta dace da irin wannan hange ita ce ta cin rukuni, ko ta kaiwa kwata fainal.

Gasannin nahiya sun fi karɓar baƙo. Denmark ta ci kofin Turai a 1992 bayan an kira ta ta maye gurbin Yugoslavia, Girka ta ci a 2004, Zambiya ta ɗauki na Afirka a 2012. Manyan ƙasashen da za a tsallake a can ba su kai na Kofin Duniya yawa ba.

Mai masaukin baƙi fa? Da mai riƙe da kofi?

Zuwa 2022 mai masaukin baƙi ya ci sau shida: Uruguay 1930, Italiya 1934, Ingila 1966, Jamus ta Yamma 1974, Ajantina 1978, Faransa 1998. Duba sunayen da kyau, duk ƙasashe ne da ko a waje za a lissafa su. Gida na ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi, ba ya mayar da rago gwarzo. Afirka ta Kudu a 2010 da Katar a 2022 ko rukuni ba su fita ba, Katar ma ta sha kashi a wasanninta uku duka.

Kare kambu kuwa, zuwa 2022, sau biyu kacal aka yi: Italiya a 1938, Brazil a 1962. A wannan ƙarni masu riƙe da kofi huɗu sun faɗi tun a rukuni: Faransa 2002, Italiya 2010, Sifaniya 2014, Jamus 2018. Ba wata la'ana ba ce. Kociyan da ya ci kofi yakan ji nauyin ajiye 'yan wasan da suka ɗauko masa shi, shekara huɗu kuma ba wasa ba ce a ƙafar ɗan ƙwallo, ga abokan karawa sun gama nazarin salonsu. Inda aka sabunta jini abin kan sha bamban. Faransa ta je Katar ba Pogba, ba Kanté, ba Benzema, kuma sai a fenaretin wasan ƙarshe ta rasa kofin.

Tsarin ƙasashe 48 ya sauya lissafi?

Ya sauya. Tsarin gasar 2026 ta Amurka da Kanada da Meziko shi ne rukuni 12 masu ƙasashe huɗu-huɗu, wasa 104 maimakon 64. Na ɗaya da na biyu a kowane rukuni su wuce, tare da takwas mafiya maki cikin waɗanda suka zo na uku, wato 32 cikin 48. Ga babbar ƙasa, fita daga rukuni ya yi sauƙi ƙwarai, amma an ƙara mata zagaye guda na sili ɗaya ƙwale, kuma zakara sai ya buga wasa takwas maimakon bakwai. Koma kan lissafin ɗazu, ƙara 0.7 guda ɗaya: kashi 24 ya sauko ƙasa da 17. A zahiri faɗuwar ba za ta kai haka ba tunda abokin karawar zagayen 'yan 32 yawanci mai rauni ne, amma kowane ƙarin wasa ƙarin ƙofa ce ta jan kati, rauni ko fenareti.

Barin na uku ya wuce yana da nasa tasirin. Fotugal ta yi canjaras uku a rukuni a gasar Turai ta 2016, ta wuce a matsayi na uku, ta ɗauki kofin. Kwadebuwa, mai masaukin baƙi, ta sha 4-0 a hannun Equatorial Guinea a farkon 2024, ta sallami kociyanta ana tsakiyar gasa, ta tsallake da ƙyar a na uku, ƙarshe ita ta ci kofin Afirka. A irin wannan tsari ba a yi wa babbar ƙasa jana'iza tun a rukuni.

Sannan akwai tafiya da yanayi. Filin Azteca na birnin Meziko yana kan tudun da ya haura mita 2,000, wasu biranen kuma zafin bazara ne matsalarsu, tsakanin wasu filayen ma tafiyar sa'o'i ce a jirgi. Ƙasa mai benci mai kauri ita ta fi cin moriyar wannan, musamman da ake sauya 'yan wasa biyar.

Yaya masana ke gina hasashensu a kwamfuta?

Mataki huɗu ne a taƙaice. Na farko, a ba kowace ƙasa makin ƙarfi. An fi amfani da tsarin Elo, wanda aka ƙirƙira don wasan ches: doke mai ƙarfi na kawo maki da yawa, doke mai rauni kaɗan. Tazarar maki 100 na nufin babban zai kwashi kusan kashi 64 na sakamako, tazarar 200 kuma kusan 76. Wasu kan haɗa da darajar 'yan wasa a kasuwa da mintunan da suka buga wa ƙungiyoyinsu.

Na biyu, a mayar da tazarar ƙarfi zuwa yawan ƙwallayen da ake tsammani, misali 1.6 ga wannan, 1.0 ga wancan. Na uku, a yi amfani da ƙa'idar lissafi ta Poisson a fitar da damar kowane sakamako, daga 0-0 har zuwa 4-3. A nan ake ganin abin da ya sa ƙwallo take da wuyar sha'ani: ƙungiyar da ake tsammanin za ta ci 1.6 tana da damar kashi 20 ta tashi ba ta ci ko ɗaya ba, ba tare da ta yi wani laifi ba. Na huɗu, a sa kwamfuta ta buga gasar gaba ɗaya sau dubbai bisa jadawalin gaske, a ƙirga sau nawa kowace ƙasa ta ɗaga kofi.

Inda abin ke lalacewa sananne ne. Ƙasa kan buga wasa goma zuwa goma sha biyar ne kawai a shekara, da yawansu na sada zumunta da ake gwada 'yan benci. Ƙasashen Turai da na Kudancin Amurka ba su cika haɗuwa ba sai a gasar, don haka auna su a sikeli ɗaya akwai ƙiyasi a ciki. Kuma tsarin da ya jingina da tarihi yakan kumbura manyan suna. Bankin Goldman Sachs, da duk masanansa, Brazil ya ba kofin a 2014, ya sake ba ta a 2018.

Jadawalin FIFA abin dogaro ne?

Ya gyaru tun da aka mayar da shi kan tsarin Elo a 2018, amma yana auna abin da ya wuce ne. Beljiyam ta shafe shekaru a matsayi na ɗaya ba ta ci kofi ko guda ba. A ɗauke shi ma'aunin jera ƙasashe kafin ƙuri'ar raba rukuni, don nan ne yake da tasiri na gaske.

Ƙasar da na zaɓa ta sha kashi a wasan farko. Shi ke nan?

A'a, sau da yawa ma a lokacin ne od ɗinta ke yin tsawo fiye da kima. Siwizalan ta doke Sifaniya 1-0 a wasan farko na 2010, Sifaniya ta ci kofin. Saudiyya ta doke Ajantina 2-1 a 2022, ta katse mata jerin wasa 36 ba rashin nasara, Ajantina ta ci kofin. Abin dubawa shi ne yadda aka yi rashin. A wasan Saudiyya, an soke wa Ajantina ƙwallo uku saboda satar gida kafin hutun rabin lokaci, sannan aka zura mata biyu cikin minti biyar bayan an dawo. Wannan tuntuɓe ne. Ya bambanta da na Jamus a 2018, wadda Meziko ta riƙa keta tsakiyarta da gudu duk lokacin da ta ƙwace ƙwallo, ciwon da ya bi ta har Koriya ta Kudu ta ƙarasa ta.

Ma'aunin da ke taimakawa a nan shi ne xG, wanda ke ba kowane hari maki gwargwadon yadda irinsa ke shiga raga. Fenareti, alal misali, kusan uku cikin huɗu ke shiga. Ƙungiyar da ta ƙirƙiri dama mai kyau ta ɓarar, akwai fata. Wadda ba ta ƙirƙiri komai ba, sakamakon bai yi mata ƙarya ba.

Me ya fi muhimmanci, 'yan gaba ko 'yan baya?

A wasan da kuskure ɗaya ke kora mutum gida, baya ta fi. Faransa a 1998, Italiya a 2006 da Sifaniya a 2010, ƙwallo biyu-biyu kacal aka zura musu a wasa bakwai. Sifaniya takwas kawai ta ci a gasar duka, wasanninta huɗu na sili ɗaya ƙwale kuma duk 1-0 ne. Ajantina ta 2022 da aka ci takwas ta nuna ba doka ba ce, amma ita sai da fenareti ya cece ta sau biyu, a kan Holan da kuma Faransa.

Rauni da dakatarwa kuma a auna su da wanda zai maye gurbi, ba da girman sunan wanda ya fita ba. Kowa na tuna cewa Neymar bai buga wasan da Jamus ta doke Brazil 7-1 a 2014 ba, amma rashin kyaftin Thiago Silva, da katin gargaɗi na biyu ya dakatar, shi ya fi buɗe ƙofar gidan Brazil.

Na zaɓi ƙasa ta ci wasan ƙarshe, ta ɗauki kofin, amma aka ce tikitina ya faɗi. Yaya haka?

Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin sababbin shiga. Kasuwar sakamakon wasa, mai zaɓi uku na gida, canjaras ko waje, a kan minti 90 da ɗan ƙarin alƙalin wasa take ƙarewa. Ƙarin lokaci na minti 30 da fenareti ba sa ciki. Kasuwar "wanda zai ɗaga kofi" ko "wanda zai wuce" ita ce ke haɗa duka, shi ya sa od ɗinta ya fi gajarta.

Kuma ba abu ne da ke faruwa jefi-jefi ba. Cikin wasannin ƙarshe biyar daga 2006 zuwa 2022, huɗu canjaras aka tashi a minti 90. Na 2006 da na 2022 sai da aka je fenareti, Iniesta ya ci a minti na 116 a 2010, Götze a minti na 113 a 2014. Na 2018 ne kaɗai, Faransa 4 Kuroshiya 2, ya ƙare a kan lokaci.

Yaushe ya fi a shiga kasuwar, da wuri ko a makare?

Kowanne da haɗarinsa. Da wuri od ya fi tsawo, amma kuɗi zai kwanta watanni, kuma a ƙa'idar yawancin kamfanoni in ƙasar ba ta samu gurbi ba, ba a mayar da kuɗi. Italiya ta ci kofin Turai a Yulin 2021, a Maris na 2022 Macedonia ta Arewa ta hana ta zuwa Katar. Senegal ta rasa Sadio Mané kwanaki kaɗan kafin gasar.

Lokuta uku ne bayani ke ƙaruwa: bayan ƙuri'ar raba rukuni, bayan fitar da sunayen 'yan wasa, da bayan an kammala rukuni, sa'ad da hanyar kowa zuwa wasan ƙarshe ta fito fili. Na ukun ya fi nauyi. A 2018 Faransa da Ajantina da Brazil da Beljiyam da Fotugal da Uruguay duk sun taru a ɓangare ɗaya, ɗaya ɓangaren ya buɗe wa Kuroshiya da Ingila. Sai dai kamfani ma yana ganin abin da kake gani, kuma yakan gyara lambobinsa cikin mintuna.

Ƙasata ta kai wasan ƙarshe. In karɓi kash awut ko in jira?

Kash awut tayin kamfani ne na sayen tikitinka kafin a gama, kuma yana cire lada karo na biyu a ciki. Akwai hanyar auna tayin. Mu ce an zuba 1,000 a od 9.00, abin karɓa 9,000. Abokiyar karawa tana 1.80 a kasuwar ɗaga kofi. Raba 9,000 da 1.80, ya ba da 5,000. In aka zuba 5,000 a kan abokiyar karawar, ko wa ya ci za a karɓi 9,000, a cire 5,000 ɗin, saura 4,000. Ke nan duk tayin da bai kai 4,000 ba ragi ne. A tabbatar kasuwar ɗaga kofi aka yi wannan a ciki. In aka yi a ta minti 90 aka tashi canjaras, sannan ƙasar farko ta faɗi a fenareti, tikiti biyun duk sun tafi.

Haɗa wasanni da yawa a tikiti ɗaya fa?

Ladan kamfani ninkuwa yake yi tare da od ɗin. In kowane zaɓi na mayar da kashi 95 na kuɗi a matsakaici, zaɓi goma a haɗe na mayar da 0.95 sau goma, ƙasa da kashi 60. Shi ya sa irin wannan tikiti ne kamfanoni suka fi tallatawa, har da ƙarin garaɓasa.

Wanda zai ci takalmin zinare daga ƙasar da ta ɗauki kofi yake fitowa?

Ba kasafai ba. Ronaldo na Brazil ya haɗa biyun a 2002 da ƙwallo 8, amma James Rodríguez a 2014 da Harry Kane a 2018 da Mbappé a 2022 duk ba su ɗaga kofi ba. Abin nema shi ne mai buga wa ƙasarsa fenareti, mai rukuni mai sauƙi, wanda ƙasarsa za ta kai wasan kusa da na ƙarshe, tunda ko ta faɗi akwai wasan neman na uku. Biyar daga ƙwallaye shida na Kane a rukuni ya ci su, a ragar Tunisiya da Panama.

A karanta ƙa'idar kunnen doki. A 2010 Müller da Villa da Sneijder da Forlán kowa na da 5, FIFA ta ba Müller saboda yawan ƙwallayen da ya taimaka aka ci. Kamfanin da ke biya kan "wanda ya fi cin ƙwallo" yana raba kuɗin da aka zuba gida huɗu ne ya biya kashi ɗaya, wanda ke biya kan kyautar FIFA kuma Müller kaɗai ya sani.

Masu sayar da "tabbataccen hasashe" fa?

Tsohuwar dabara ce. A tura wa mutum 1,024 saƙo, rabi a ce musu wannan zai wuce, rabi a ce wancan. Bayan wasa a watsar da waɗanda aka yi wa kuskure, a sake raba sauran. Bayan wasa biyar akwai mutum 32 da suka ga an faɗa musu daidai sau biyar a jere, a nan ake neman su biya. Hoton tikitin da ya ci ma ba hujja ba ne, ana haɗa shi a waya cikin minti biyu, kuma ba wanda ke nuna waɗanda suka faɗi. Mai cewa ya san wasan da aka sayar, da gaske ne da kansa zai ci moriyar, ba zai tallata ba.

Cin hasashe a jere ma ba shaidar sani ba ce. Dorinar ruwan nan Paul ta wani gidan kifi a Oberhausen ta Jamus ta faɗi wasa takwas daidai a 2010, ta hanyar zaɓar akwatin abinci.

Akwai ƙa'idar yawan abin da ake zubawa?

Masu lissafi na amfani da ƙa'idar Kelly. In od 6.00 ne kuma kana ganin damar kashi 20 ce, ninka ribar 5 da 0.20, cire 0.80 na damar faɗuwa, raba da 5: kashi 4 na kuɗin da aka ware. In damar ta gaskiya 16 ce ba 20 ba, amsar ta koma ƙasa da sifili, ma'ana kada a zuba ko kaɗan. Tazarar maki huɗu ce tsakanin biyun, kuma kusan ba wanda ke iya auna damar wata ƙasa da irin wannan daidaito. Mafi yawan masu zubawa asara suke yi a tsawon lokaci, don haka aka gina kasuwar.

Abin da ke rusa mutane shi ne bin asara, wato ninka kuɗi don a fanshe. Wanda ya fara da 1,000 yana ninkawa, faɗuwa bakwai a jere ta cinye masa 127,000, kuma sai ya zuba 128,000 a karo na takwas don neman ribar 1,000 a od 2.00. Garin neman ƙiba a samo rama. Cin bashi don caca, ɓoye wa iyali, ko kasa kallon wasa sai da tikiti, alamu ne na cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin cututtukanta. Kamfanoni masu lasisi a ƙasashe da dama na da maɓallin iyakance kuɗi da na rufe asusu, likitocin ƙwaƙwalwa kuma na duba matsalar.

Doka ta yarda da wannan?

Ya danganta da ƙasa. Birtaniya ta halatta ga wanda ya kai shekara 18, a Amurka kowace jiha ke yanke nata tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2018, Saudiyya da Katar sun haramta gaba ɗaya. Musulunci ya haramta caca da nassin aya ta 90 ta Suratul Ma'ida. FIFA ta hana 'yan wasa da alƙalai da jami'ai yin caca kan ƙwallo. Shafin da ba shi da lasisi kuma in ya riƙe kuɗi, ba inda za a kai ƙara.

Ta yaya zan gane ko hasashena na da kyau, ba tare da na zuba ko sisi ba?

Da takarda da biro. Kafin kowane wasa rubuta kason da ka ba kowane sakamako, ka rubuta na kasuwa a gefe bayan ka cire ladan kamfani. In an gama gasar, tattara duk inda ka ce kashi 70, ka ƙirga nawa suka faru. In bakwai cikin goma ne, ma'auninka ya zauna. In biyar ne, kana cika baki, sai ka rage. Yi haka ga na 50 da na 30. Gasa ɗaya ba ta isa yanke hukunci ba ko da mai wasa 104 ce, sai an haɗa da wasannin neman gurbi da na nahiyoyi har lissafin ya kai ɗaruruwa, sannan a kwatanta layinka da na kasuwa a ga wanne ya fi kusa da abin da ya faru a fili.